Alat Ya Shigo, Kaya Sun Tafi, Caki Ya Dawo: Muhawara a Zauren 'Yan Kasuwa

Mai Hatsi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana uku ina rubuta wannan saƙo ina gogewa, don maganar tana da nauyi a baki. Amma na ga in na yi shiru gobe wani ɗan'uwa zai faɗa ramin da na faɗa.

Ranar Alhamis da ta wuce wani dillali da muka fi shekara shida muna hulɗa ya kawo mini baƙo a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, wai wakilin wani kamfanin abincin kaji ne. Mutum ne kamili a ido, da farar shadda da carbi a hannu. Ya sa aka soki buhu biyar, ya zuba masarar a tafin hannu ya murza, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza don ya ji bushewarta. Duk wanda ya ga haka zai ce ɗan gari ne a harkar. Muka daidaita a kan buhu 120, Naira miliyan 7 da dubu 800. Bai ja ciniki ba ko kaɗan, kuma a lokacin daɗi na ji. Ya karɓi lambar asusuna ya ce gobe kamfani zai biya.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wajen ƙarfe uku da rabi, wayata ta yi ƙara. Na duba, ga kuɗi cif. Kafin in mayar da wayar aljihu ya kira ya ce Alhaji ka gani? Na ce na gani. Ya ce to don Allah a yi lodi yanzu, direba yana son ya fita kafin dare. Kafin magariba mota ta bar ƙofar sito.

Litinin na tashi tura wa mutanen da suka kawo mini kayan daga ƙauye kuɗinsu, abu ya ƙi. Talata na je banki, aka ce ai ba tiransifa aka yi mini ba, caki aka zuba a asusuna, kuma ya dawo, sa hannun bai yi daidai da na mai asusun ba. Wayar mutumin a kashe. Dillali yana ta rantsuwa shi ma ranar Laraba ya fara ganinsa. Fiye da rabin kuɗin nan ba nawa ba ne. Ina neman shawara, daga ina zan fara?

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya mayar maka da alheri Alhaji. Ka yi ƙoƙari da ka faɗa, da yawa abin yana samunsu su haɗiye.

Ɗan Kwari: Allah Ya musanya. Ni dai shi ya sa na daɗe da rufe babin caki a shagona. Ko mahaifina ne ya kawo, sai dai ya yi haƙuri.

Auta: Amma Baba Alhaji ai wannan laifin banki ne. Ta yaya za su turo wa mutum alat alhali kuɗi bai shiga ba? Ni a ganina su ya kamata a kama.

Tsohon Kashiya: Alhaji, sannu da wannan jarrabawa. Na yi shekaru a bayan kanta kafin in ajiye aiki, bari in yi bayanin yadda abin yake, don Auta ma ya gane.

Duk wanda yake da lambar asusunka zai iya shiga banki ya cike takardar ajiya ya zuba maka caki. Ba ya buƙatar izininka. In cakin na wani banki ne daban, ba a nan take kuɗin yake zama naka ba. Bankinka zai ɗauki hoton cakin ya tura wa bankin mai cakin ta tsarin NIBSS, wato kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, su kuma su duba: akwai kuɗi a asusun? Sa hannun daidai ne? Mai asusun ya san da shi? Tun 2013 da aka koma tura hoto a faɗin ƙasa maimakon ɗaukar takardar a mota, abin ya ragu zuwa ranar aiki ɗaya bayan ranar da aka shigar. Amma ku lura da kalmar ranar aiki. Asabar da Lahadi ba sa ciki, hutun gwamnati ba ya ciki, kuma cakin da aka kawo da yamma bayan an rufe karɓa na ranar, sai ya shiga lissafin ranar aiki ta gaba. Shi ya sa mutanen nan suke son yammacin Juma'a, da jajiberin sallah. Ba dace aka yi ba Alhaji, lissafi ne.

A tsakanin nan asusunka yana nuna lissafi iri biyu. Akwai wanda ake kira leja, wato abin da aka rubuta a littafi har da cakin da bai tabbata ba. Akwai kuma wanda za ka iya cira yanzu. Na biyun shi ne kuɗinka. Alhaji ka koma ka karanta alat ɗin a hankali, kusan na tabbata za ka ga haruffa CHQ, wato caki a taƙaice, a cikin bayanin.

Mai Hatsi: Wallahi ga shi nan, CHQ. Kuma a can ƙasa akwai wani lissafin da bai motsa ba daga yadda yake da safe. Idona bai kai wurin ba sam. Adadin kuɗin kawai na duba.

Tsohon Kashiya: Haka kowa yake yi, kuma sun sani. Shi ya sa yake kiranka da zarar alat ya shigo, don kada ka samu natsuwar karantawa.

Auta: Duk da haka Baba, ai mutanenmu da yawa ba sa karanta Turanci. In da gaske ake a rubuta ƙarara cewa wannan kuɗin bai tabbata ba.

Tsohon Kashiya: A wannan ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma na sha faɗa tun ina aiki. Amma a ce a kama banki a biya Alhaji, wannan da wuya, tunda ba su ba shi damar cire kuɗin ba kuma ba su ce masa ya saki kaya ba. Kada mu sa masa rai da abin da zai cinye masa lokaci, alhali masara tana kan hanya ana sayar da ita.

Barista: Alhaji, Allah Ya ba da haƙuri. Abin da ya fi komai muhimmanci a yanzu shi ne sauri da rubutu. Yau ɗin nan, ba gobe ba.

Ka rubuta wa manajan reshen bankinka takarda, kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. A ciki ka nemi a ba ka kwafin cakin da dalilin dawowarsa a rubuce, kuma a adana takardar ajiyar da mutumin ya cike da hoton kyamarar ranar Juma'a. Ba za su miƙa maka hoton kyamara a hannu ba, sai masu bincike sun nema da wasiƙa, amma in ba ka yi magana da wuri ba na'urar tana iya goge shi ta ɗora sabo a kai. Kowane banki yana da sashen da ke kula da zamba, ka ce a sanar da su.

Sannan ka rubuta takardar koke zuwa ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano. Ka jera abin yadda ya faru, rana da lokaci, lambar wayar da ya kira ka da ita, hoton alat, lambar mota, da sunayen waɗanda suka ga lodi. Kada ka goge komai a wayarka, ko da gajeren saƙo ne.

Mai Hatsi: Ranka ya daɗe, ai na leƙa wani caji ofis ranar Talatar da yamma, wanda na tarar ya ce mini wannan maganar ciniki ce, mu je mu sasanta.

Barista: Wataƙila yadda aka ba shi labarin ne a tsaye ya sa ya ɗauka bashi ne. Gaskiya ne doka ta hana kama mutum saboda bashi zalla ko saɓa yarjejeniya, yana cikin dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020. Amma naka ba bashi ba ne. Mutum ya zo da sunan ƙarya, ya yi amfani da takardar da ba shi da iko a kanta, ya kwashi kaya ya kashe waya. Wannan damfara ce da jabun sa hannu, duka laifuka ne a Penal Code, kundin dokar laifuka da muke aiki da shi a Arewa, ga kuma dokar zamba ta 2006. Shi ya sa nake cewa a rubuce. Takarda mai hatimi ba a kore ta da baki.

Baba Dattijo: Yaran nan ku yi a hankali. Ni na kwana biyu a kasuwa. Sau nawa muka ga an kai magana hukuma, mutum ya ƙare a zirga-zirga, kuɗin mota, kuɗin takarda, ƙarshe ba kaya ba kuɗi, ga sunansa ya zagaye gari an ce an damfare shi. Daga ranar masu ba shi kaya bashi sai su fara janyewa. Muna da shugabannin kasuwa, muna da sarkin dillalai. A kira dillalin nan a zaunar da shi. Shi ya kawo baƙo, shi ya san ramin da ya fito.

Barista: Baba, ina girmama maganarka, kuma ban ce kada a je wurin shugabannin kasuwa ba, a je ma yau. Amma sulhu da wa? Sulhu yana yiwuwa ne da mutumin da aka san gidansa. Wannan ba a san sunansa na gaskiya ba. Shugaban kasuwa ba zai iya sa kamfanin waya ya fito da wanda ya yi rajistar layi ba, ba zai iya sa banki ya fito da hoton kyamara ba. Hukuma ce kaɗai take da wannan ikon.

Baba Dattijo: To ai ban ƙi ba. Abin da nake tsoro shi ne a je a kwashe dillali da leburori a rufe, talakawa masu neman na tuwo, ɓarawo kuma yana can yana shan iska.

Barista: Tsoron yana kan hanya Baba. Shi ya sa a takardar Alhaji zai rubuta dillalin a matsayin wanda ya haɗa su kuma mai shaida, ya bar bincike ya nuna ko da hannunsa. In ya tafi da shi da ƙafarsa ya ba da bayani, ya fi masa sauƙi a kan a zo a ɗauke shi. Kuma doka ta hana kama wani a madadin wani, ba a taɓa ɗansa ko matarsa.

Ɗan Kwari: Ni fa ban yarda da dillalin nan ba. Ya karɓi la'adarsa ko bai karɓa ba? In ya karɓa to ya biya.

Mai Hatsi: Ya karɓa a hannun mutumin, kuma ya kawo mini ita jiya yana kuka ya ce ba zai iya ci ba. Ban san me zan ce ba. Zuciyata ɗaya tana cewa shi ma amfani aka yi da shi.

Malam Na Zaure: Assalamu alaikum. Alhaji, Allah Ya sa kaffara ce. Game da dillali, kada mu yi gaggawar yanke hukunci a waya. Asali dillali amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka ko an haɗa baki da shi. Amma in ya buɗe baki ya ce na tsaya masa, in bai biya ba ni zan biya, to ya zama mai lamuni, kuma mai lamuni shi ke biya. Saboda haka tambayar ita ce, me ya faɗa a lokacin ciniki, kuma wa ya ji?

Mai Hatsi: Allah Ya gafarta Malam, cewa ya yi mutumin kirki ne, kamfaninsu babba ne. Bai ce ya lamunce ba.

Malam Na Zaure: To ka ga akwai bambanci. Sai dai yabon mutumin da ka sani jiya-jiya da cewa na kirki ne, shi ma abin dubawa ne, domin shaida ce ya bayar a kan abin da bai sani ba. Wannan sai a zauna gaba da gaba a ji kowane ɓangare. Kuma ina ƙara wa Baba Dattijo haske da ladabi: rufa asiri da addini ya kwaɗaitar na wanda ya yi kuskure ne ya tuba, ba na wanda ya mayar da cutar Musulmi sana'a ba. Wanda ya yi wa Alhaji haka ranar Juma'a, wata Juma'ar yana wata kasuwa.

Hajiya Mai Atamfa: Tunda an buɗe maganar bari in kawo tawa, don ta hana ni barci. Nawa na san shi, na san gidansa, matarsa ma ƙawar ƙanwata ce. Ya ɗauki atamfofi da leshi na miliyan 2 da dubu 300 zai kai wa wata ƙungiya anko, ya rubuta mini caki da kwanan wata na gaba. Da ranar ta zo ya kira ya ce Hajiya don Allah kada ki kai tukuna, ba a biya ni ba. Na jira. Bayan sati biyu haka, bayan wata haka. Yanzu cakin yana cikin jakata a ninke cikin ambulan, kullum in buɗe in duba in mayar. Ranar da ke jikinsa ta wuce da wata biyu da kwana goma.

Barista: Hajiya, ki ajiye duk abin da kike yi ki karanta wannan. Naki daban ne da na Alhaji, kuma akwai doka ta musamman a kansa, dokar cakin da ya dawo ta 1977. Ta ce duk wanda ya karɓi kaya ko bashi ta hanyar caki, aka kai cakin banki ya dawo saboda babu kuɗi ko bai isa ba, ya yi laifi. Hukuncin mutum ɗaurin shekara 2 ne ba zaɓin tara. Amma da sharaɗi: sai an gabatar da cakin cikin wata 3 daga ranar da ke rubuce a jikinsa. Kwana ashirin suka rage miki. In suka wuce, bashinki yana nan, za ki iya bin sa a kotu, amma wannan sandar ta fita daga hannunki. In ya kai wata 6 kuma banki ba zai ma karɓe shi ba, ya tsufa.

Ba na cewa mutumin nan ya san wannan lissafin. Amma akwai waɗanda suka sani sarai, kuma kada ki kai tukuna ɗin nan da shi suke cinye watannin.

Hajiya Mai Atamfa: Subhanallah. To Barista in na kai ya dawo, ba na tona masa asiri ba? Ni ba ɗaure shi nake so a yi ba, kuɗina nake so. Ina jin kunyar matarsa.

Barista: Kai caki banki ba ƙara ba ce Hajiya. Haƙƙinki ne, don haka ya rubuta miki. Ki sanar da shi ta saƙo cewa ranar kaza za ki kai, ki ajiye saƙon. In kuɗi ya fita, shi ke nan. In ya dawo, kin samu takarda a hannu, kuma ke ce za ki zaɓi abin da za ki yi da ita. Shi ma dokar ta bar masa kariya: in ya nuna cewa lokacin da ya rubuta yana da dalili mai ƙarfi na zaton za a biya, kotu za ta duba. A irin naki ne maganar Baba Dattijo take aiki, a zauna da manya a rubuta yadda zai biya, da shaidu. Amma a zauna bayan kin kai, ba kafin ba.

Tsohon Kashiya: Ƙari a kan na Barista. In ya dawo ki duba abin da aka rubuta. In kika ga DAR, ma'anarsa a koma wa mai caki, kuma galibi hanya ce ta ladabi ta cewa babu kuɗi. Shi za a caje shi kashi 1 cikin 100 na kuɗin ko Naira 5,000, duk wanda ya fi yawa. Sannan Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa kai rahoton masu yawan ba da irin wannan caki. Wanda ya yi sau uku ana karɓe littafin cakinsa, a hana shi bashin banki har shekara 5, a kai sunansa wurin masu ajiye tarihin masu bashi. Ɗan kasuwa na gaske yana tsoron wannan fiye da yadda kike zato.

Ɗan Maraɗi: Mu ma nan Nijar haka ne. BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu kuɗin sefa, yana riƙe da rajistar waɗanda cakinsu ya dawo ba kuɗi, kuma ana hana mutum rubuta caki. Amma mu da muke kai wake Kano mu sayo kaya, gaskiya ba ma taɓa caki tsakaninmu. In aka cuce ka a ƙetaren iyaka wa za ka bi?

Ɗan Kwari: Kun dawo maganata. A daina karɓa kawai, a huta.

Akawun Kamfani: Yaya, a kanti mai sayar da ɗai-ɗai wannan mai yiwuwa ne. Amma wanda yake kai kaya makarantu, asibitoci masu zaman kansu, ƙungiyoyi da kamfanonin da mutum biyu ke sa hannu, in ya ce ba ya karɓar caki ya kori rabin cinikinsa. Kuma kada mu manta alat na bogi ya fi cakin bogi yawa yanzu. Takardar ba ita ce cutar ba, sakin kaya kafin kuɗi ya zauna ne.

Ni ta ɓangaren masu rubuta cakin nake son in yi magana, don na Alhaji sa hannu ne bai dace ba, wato akwai wani mai asusu a wani wuri da aka sace wa takarda, wataƙila har yanzu bai sani ba. A wani wurin da na yi aiki an taɓa yi mana. Ɓarawon cikin gida ba ya cire ta sama, don za a gane. Daga tsakiya yake zarewa, ko kusa da ƙarshe, har da guntun da ke saura a jikin littafin. Sai ranar da na zauna ina bin lambobi ɗaya bayan ɗaya da yatsa na ga daga 36 an tsallaka zuwa 38. Tun daga ranar duk littafin da aka karɓo sai na ƙirga shi a gaban ma'aikacin banki, kuma duk ƙarshen mako in sake.

Sai kuma ɗabi'ar nan ta manyanmu, Alhaji zai tafi Umara ko China ya sa hannu a takardu biyar farare ya bar wa yaro. Don Allah a daina. In za ka rubuta, ka fara daga farkon layi, kada ka bar fili tsakanin kalmomi ko gaban lamba, ka ja layi a sauran wurin. Wanda ya bar fili gaban 500,000 ya bar wa wani wurin ƙara 1 ko 2. Ka ja layi biyu a kusurwa don kada a biya a kanta sai ta asusun wanda aka rubuta sunansa. Ka kuma cike takarda a bankinka cewa duk cakin da ya wuce adadi kaza sai an kira ka. In littafi ya ɓata ko takarda ɗaya, a ranar ka rubuta a dakatar da lambobin.

Tsohon Kashiya: Daidai. Wasu abubuwa kuma da ido ake ganinsu. Tun 2010 Babban Banki ya hana caki ɗaya ya wuce Naira miliyan 10, don haka wanda ya miƙo maka na miliyan 15 a takarda ɗaya ka san da matsala. Sababbin takardun da aka fara tilastawa a 2021 suna ɗauke da ranar ƙarewar aikinsu. Ka ɗaga takardar a haske, ka shafa wurin suna da adadi, in ka ji ya yi kaushi ko launin ya kode, an taɓa shi. Har daraf na banki, wato cakin da banki da kansa yake rubutawa, ana yin jabunsa, kada sunan ya ruɗe ka. Kuma in za ka tabbatar, kada ka kira lambar da mai kawo cakin ya ba ka, abokinsa ne zai ɗauka ya ce shi manaja ne. Ka taka da ƙafarka zuwa reshe. Duk da haka, ko an ce maka akwai kuɗi a asusun yau, yana iya kwashewa gobe da safe. Abin da ya fi duka: ka shiga manhajar bankinka da kanka ka ga kuɗin ya shiga cikin wanda za ka iya cira.

Auta: To in mai saye ya ce yana sauri fa, zai tafi wurin wani?

Hajiya Mai Atamfa: Ya tafi mana Auta. Kayanka suna sito ai ba su ruɓe ba.

Baba Dattijo: Abu ɗaya da ban ji kowa ya faɗa ba. Mota ba ta tashi sama. Wa ya kawo ta? In daga tasha aka ɗauko ta akwai ɗan kamasho da ya haɗa, kuma yana da lambar direba. Leburorin da suka yi lodi sun ga fuskar yaron mota, sun ga rubutun da ke jikin bodi. Masu karɓar kuɗin ƙofa suna rubuta lamba. Alhaji ka bi ta nan tun yau, ni zan kira wani tsohon abokina a cikin shugabannin direbobi. Kai kuma Barista ka yi ta takardunka.

Barista: Wannan ita ce shawarar da ta fi tawa saurin amfani Baba. Sharaɗi ɗaya: in an samu direban kada a taɓa shi, kada a tsare motarsa da ƙarfi. A ba masu bincike. In aka dake shi maganar ta juya kan Alhaji. Alhaji turo mini bayanan ta gefe in tsara maka takardun biyu a daren nan, ba sai ka biya komai ba. In kuma banki suka yi shiru da taka har mako biyu, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Banki, can ake ɗaukaka ƙorafi da kwafin nan mai hatimi.

Shugaban Zaure: Na maƙala wannan tattaunawa a sama. Don Allah kada kowa ya saka hoton wani ko lambar wayarsa a nan da sunan shi ne, sai hukuma ta tabbatar.

Hajiya Mai Atamfa: Jama'a na dawo da labari. Na tura masa saƙo ranar Litinin, na kai cakin Laraba, jiya ya dawo da DAR ɗin da aka faɗa. Da daddare sai ga shi da yayansa a ƙofar gida. Ya kawo dubu 800, sauran an rubuta zai biya kashi uku, maigidana da limamin unguwarmu suka sa hannu a matsayin shaidu. Takardar banki tana wurina.

Mai Hatsi: Alhamdulillahi Hajiya. Ni ma ga inda aka kwana. Na kai takardun biyu, an buga mini hatimi. Ta hanyar abokin Baba Dattijo an samu direban, haya aka ɗauke shi, ya ce a bayan gari aka juye kayan cikin wasu motoci biyu da daddare, kuma ya yarda zai nuna wurin. Mai binciken ya gaya mini an tuntuɓi kamfanin da ke da asusun, da suka ƙirga littafinsu takarda uku suka rasa daga tsakiya, kamar yadda Akawu ya faɗa. Tawa ɗaya ce, biyu suna hannun mutanen nan. An dakatar da lambobin, amma hakan ba zai hana su zuba wa wani a asusu alat ya shigo masa ba, don haka masu sito a Dawanau da Singa a faɗa wa yara kafin Juma'ar nan.

Masu kayan ƙauye na je na same su da kaina na gaya musu gaskiya, sun ba ni zuwa bayan girbi. Gobe ƙarfe goma zan koma da dillalin da leburori biyu su ba da nasu bayanin. Barista, sun ce in zo da littafin sito da na rubuta fitar buhunan, asalin zan kai ko kwafi?

Barista: Ka tafi da duka biyun. Su ga asalin, su karɓi kwafin, ka dawo da littafinka. In sun ce lallai sai asalin, a rubuta maka takardar shaidar sun karɓa, da sunan jami'in da kwanan wata.